Ɗurin da Na Yi wa Sufeto

Mijina ɗan sanda ne mai ritaya. Har yau duk unguwarmu ta Shagari Low Cost Sufeto ake ce masa, ni ma haka nake ce masa, musamman idan ya ba ni haushi, wato kusan kullum. Shi kuma Madam yake ce mini, sunan da ya kwaso daga bariki ya ƙi yarwa. Na yi faɗa, na yi fushi, na ce ni ba matar Bature ba ce, amma ina! Har jikokinmu yanzu Madam suke kirana.

Lokacin yana aiki, abin da ya fi alfahari da shi ba kama ɓarayi ba ne. Harbin fistol ne, ƙaramar bindigar nan ta hannu ɗaya. Yana cikin waɗanda ake ɗauka su je gasar harbin allo ta 'yan sanda, kuma ya sha dawowa da lambar yabo a wuya yana tafiya kamar wanda aka naɗa hakimi. To amma akwai abin da ya tsaya masa a rai duk tsawon shekarun nan. Wani tsohon mai horar da su ya taɓa gaya musu cewa a wasu ƙasashe gwanayen wannan gasa ba sa yarda da harsashin kanti, da hannunsu suke cika nasu, su auna komai, domin kowane harsashi ya zama tagwayen ɗan uwansa. Wai in harsashi ya bambanta, to ko hannunka bai motsa ba, allo zai nuna. Shi kuwa Sufeto, harsashin gwamnati ake miƙa masa, ya harba abin da aka ba shi, ya yi shiru. Na ji wannan labari har na haddace. Ko tuwo na tuƙa ya ga malmala ɗaya ta fi ɗaya, sai ya ce, "Madam, ba tagwaye ba ne." Ni kuwa in ce ya ci ko ya bari.

Shekarar da mutanen Mubi da Michika suka kwararo Yola gudun hijira da ƙunshin kaya a ka, ya riga ya yi ritaya. Gidanmu ya cika da baƙi, wasu dangi, wasu ko sunansu ba mu sani ba sai da suka kwana. Maharba suka tashi tsaye, wasu suka nufi arewa, wasu suka tsaya gadin unguwanni. Sufeto ya je ya yi rajista da su, ya sayi bindigar toka, irin doguwar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki. Na ce masa, "Kai da ka riƙe bindigar gwamnati, yanzu ka koma harbi-ka-ruga?" Ko kallona bai yi ba. Ashe shi daɗi ne ya kashe shi. Ga bindigar da babu mai miƙa masa harsashinta, shi zai auna albarushinsa, shi zai zaɓi darmarsa. Abin da ya yi shekaru yana mafarki ya zo masa a tsufa, ta hanyar da ba wanda ya roƙa.

Da Allah ya kawo sauƙi, baƙi suka fara komawa gida, maharban ba su watse ba. Gwajin saiti da suke yi don su san wanda ya cancanci gadi sai ya rikiɗe ya zama gasa. Duk bayan girbi sukan haɗu a wani fili a bayan gonakin Bako, su jingina allon katako da wani ƙaton suri, a zana baƙin da'ira a tsakiya, kowa ya yi harbi uku. Wanda ramukansa suka fi matsuwa a cikin baƙin ya tafi da rago. Sufeto ya ci ragon nan har sau biyu. Babban abokin hamayyarsa wani malamin makaranta ne mai ritaya, Kirista daga wajen Numan, yana zaune a Rumde, kowa Ticha yake ce masa. Su biyun ba sa haɗuwa ba su yi musu ba, kuma ba sa iya mako ba su haɗu ba.

Maharban suna da dokoki biyu da ba a wasa da su. Kowa da hannunsa zai haɗa ɗurinsa. Sannan hannun mace ba ya taɓa kayan harbi, wai yana sanyaya bindiga. Duk wanda ya karya, an cire shi daga layi, ba a gasa kaɗai ba, har zaman majalisarsu. Ni dokar ba ta dame ni ba. Me zan yi da albarushi, abu mai warin ruɓaɓɓen ƙwai? Ina da sana'ata. Turaren wuta da humra nake haɗawa, na koya wurin wata Babarbariya maƙwabciyata lokacin muna barikin Maiduguri, kuma ba yabon kai ba, amare da yawa a Jimeta da ƙamshina suka tare.

Sai ciwon suga ya taso mana. Sufeto ya daɗe da shi, yana shan magani yana satar rake a ɓoye, amma a wannan karon yatsunsa ya kama. Ba rawa suke yi ba, a'a, hannunsa yana nan daram, idonsa ras. Ji ne ya ɗauke daga kan yatsun. Maɓallin riga ya gagare shi. Carbi yana wucewa bai san ya wuce ba. Bai gaya mini ba, namiji ne ai. Na gane ne ranar da na leƙa ɗan ɗakin da yake ajiye kayan harbinsa a can ƙarshen gida, nesa da madafi, na same shi zaune a kan tabarma, albarushi ya zube a kan takarda, ɗan ma'auninsa na tagulla ya gangara gefe, shi kuma ya zuba wa hannuwansa ido kamar na aro ne.

Daga ranar ya rufe ɗakin. Ya daina zuwa majalisar maharba. Ticha ya zo ya yi ta sallama, Sufeto ya ce in ce yana barci. Ya ɗauko kujerar roba ya kafa a ƙarƙashin dalbejiya, daga safe har la'asar, rediyo a cinya ba ya ma kunnawa. Mutumin da ke cika gida da surutu har in ce ya tafi ya ba ni wuri, ya koma sai na yi tambaya uku kafin in sami "uhm" ɗaya. Na kawo tuwo da gangan malmala ɗaya ƙatuwa ɗaya 'yar mitsitsiya, ya cinye bai ce uffan ba. Wallahi a ranar na shiga ɗaki na yi kuka. Na ga maza da yawa da suka zauna a irin wannan kujera bayan ritaya, kuma na san inda take kai su.

Ni ba na iya lallashi, Allah bai ba ni ba. Da safe na tsaya a kansa na riƙe ƙugu.

"Sufeto, ba ni makullin ɗakin can."

"Me za ki yi da shi?"

"Miya zan yi da shi. Ba ni."

"Madam, kin san doka."

"Dokar ta zo ta ɗaga ka daga kujerar nan mana, tun da ita ce matarka. Ni awo ne sana'ata. Abin da nake aunawa ya fi albarushinka tsada, kuma ban taɓa zubarwa ba."

Ya ce in aka ji, sun cire shi ke nan har abada. Na ce yo yanzu da ba a ji ba, a cikin layin yake? Can ya sa hannu a aljihu, ya daɗe yana lalube, domin ko makullin ba ya ji, ya miƙo mini yana kallon wani wuri.

Haka muka fara, kuma ban taɓa zaton zan ji daɗin abu irin haka ba. Sharaɗinsa na farko, ranar da zan taɓa albarushi ba ni ba kasko, ba ni ba garwashi, sai na yi wanka na sauya zane. Na yarda, don ni ma ina son raina. Mukan shiga ɗakin da hantsi, lokacin da unguwa ta yi tsit, yara suna makaranta. Ya zauna a bakin ƙofa yana gadi yana ba da umarni, ni ina ciki a kan tabarma. In cika ɗan ma'aunin tagullan, in share bakinsa ya yi daidai, in juye a 'yar takarda in naɗe. Ya ce in sake. In sake. Ya ce wannan na danna, wancan ban danna ba, ba tagwaye ba ne. Na ce, "Kai da ba ka taɓa ba, ta ina ka sani?" Ya ce ya ga kafaɗata ta motsa. Ka ji mutum! Muka yi ta cacar baki har na fara jin muryarsa ta dā tana dawowa.

Darmar ce ta fi ba ni sha'awa. Ƙwallaye ne ƙanana da wani maƙeri yake zuba wa maharban, a ido duk ɗaya suke, amma in ka mirgina su a tsakanin yatsu sai ka ji wata tana da ɗan kunne, wata ta ɗan lotsa. Na ɗauko farantin tangaran na kayan aurena, in saki ƙwallo a kai, wadda ta gangara santal in ajiye dama, wadda ta yi tafiyar ɗan maye in ajiye hagu. Sannan na kawo ƙaramin sikelina na awon turare, na wanke shi tas, na dinga gwada su biyu-biyu har sai na tara waɗanda ba wadda ta rinjayi wata. Ranar da Sufeto ya ga allurar sikelin ta tsaya cak a tsakiya, sai da ya cire hula. Ya ce, "Madam, da na san haka, da tun ina kurtu na kawo miki." Na ce da tun yana kurtu ya koyi yi mini magana mai daɗi, da ya fi.

Saura tsumma, wanda ake dannawa a kan ɗurin don ya zauna. Shi dā yaga kawai yake yi. Ni kuwa na ce in dai tagwaye ake so, to har tsumman. Na samo wani tsohon farin zanen gado da ya sha wanki ya yi laushi, na ɗora murfin kwalba ina zagayawa da almakashi, duk suka fito girma ɗaya.

Ɗura bindigar kanta bai gagare shi ba. Ya yage takardar da haƙori, ya juye, ya danna da sanda da dukan tafin hannunsa. Kunamar bindigar kuwa da gaɓar tsakiyar yatsa ya koyi ja, inda jin bai gama mutuwa ba. Ya koma majalisa. Ya koma gwaji a Bako tare da Ticha, ya dawo da ƙura har gira yana ba ni labarin kowane rami. Ticha ya biyo shi gida wata rana, ya sha kunun gyaɗata kofi biyu, ya ce da irin Hausarsa, "Madam, mijinki ta dawo da ƙarfi fa. Me kake ba shi?" Na ce kunun nan ne. Sufeto ya ƙware, har sai da aka bubbuga masa baya.

Damina ta kankama, iskar Binuwai ta cika ɗakuna da danshi. Na ware ɗurin gasa daban, mafi kyau a cikin duk abin da na haɗa. Albarushin da darmar Sufeto ya adana yadda ya saba. Tsumman ne na ga kamar zai yi fumfuna a leda, sai na nemi abin da ya fi komai rufuwa a gidan. Me ya fi gwangwanin turarena? Na ɗauko wanda ya ƙare, na goge, na jera tsummokaran a ciki na danne murfi. Suka kwana a ciki har aka yi girbi. Ni hancina ya daɗe da daina jin ƙamshin nan, a cikinsa nake kwana nake tashi. Sufeto ma haka, shekara da shekaru rigunansa da hularsa duk shi ne. Ranar gasa na buɗe na zuba masa a jaka, ni ban ji komai ba, shi bai ji komai ba.

Mata ba sa shiga layi, amma ba a hana mu kallo daga nesa. Na dama kunun gyaɗa na cika kula, muka ɗauki Keke har Bako. Na sami gindin wata tsamiya inda matan maharba suke zama, na baje kofuna. Filin ya cika, karan dawa an tara shi gefe, masu rake da masu gyaɗa sun kafa, mai ganga yana ta yi wa kowa kirari. Shugaban maharban, wanda suke kira Sarkin Baka, wani tsoho ne siriri ɗan cikin garin Yola, yana zaune a kan buzu, ba ya ɗaga murya amma ko tari ya yi sai an yi shiru.

Aka yi ta harbi. Wasu suka sami allon, wasu suka sami surin, wani kuma Allah kaɗai ya san inda tasa ta tafi, aka yi ta yi masa ihu. Ticha ya yi nasa, uku duk a cikin baƙi, ya juyo yana rawa da kafaɗa. Sannan aka kira Sufeto.

Na ajiye ludayi. Ya tsaya yadda yake tsayawa tun yana saurayi, ƙafa ɗaya gaba, ya ɗura, ya ɗaga, ya yi shiru kamar ya manta da mu. Daram! Mai duba allo ya ruga ya dawo yana nuna tsakiya. Na biyu ya faɗa jikin na farko. Na uku kuwa, mai dubawar ya daɗe a tsugune, sannan ya miƙe ya ɗaga hannu biyu, wai tafin yaro zai rufe duka ukun. Fili ya kaure. Ni ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni da rabona da guɗa tun bikin autata.

To shi tsumma, in an harba, ba ya bin darma. Faɗuwa yake a gaba kaɗan yana ci da wuta a hankali. Guda uku ga su nan a ƙasa suna hayaƙi siriri. Iska kuma ta juyo.

Wanda ya fara shaƙa wani mai gemu ne a farkon layi. Na ga ya ɗaga hanci. Na kusa da shi ma ya ɗaga. Kafin ka ce me, maharba sun bar kallon allo suna ta shinshina kamar awaki sun ji dusa. Wata mata a gefena ta ce, "Ikon Allah, wa ya kawo amarya filin nan?" Wata ta ce, "Wannan ai haɗin Madam ne, shi na saya wa 'yata." Duk suka juyo suka kalle ni. Sai a lokacin hancina ya buɗe, na ji shi sarai, sandal da hawi da ɗan farce, haɗina na amare, yana tashi a tsakiyar warin albarushi.

Ticha ya taka ya ɗauki tsumma ɗaya, ya kashe wutar da yatsa, ya shinshina, ya duba yadda aka zagaye shi da almakashi. Ya kalli Sufeto, ya hango ni. Wallahi na ga ya so ya jefar ya taka, amma mai gemun nan ya riga ya karɓe ya kai gaban Sarkin Baka. Dariyar da aka fara ta mutu.

Tsohon ya juya tsumman a hannunsa. Ya ce, "Sufeto, wa ya haɗa maka ɗuri?"

Ga hanya a buɗe. Yana iya cewa shi ya haɗa, gwangwani kawai ya ara, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Daga gindin tsamiya ina ta roƙon Allah ya faɗi haka. Ni ban damu a san aikina ba, kujerar nan ta ƙarƙashin dalbejiya kawai nake gani.

Sufeto ya jingina bindigar, ya ɗaga hannuwansa biyu a gaban mutanen da ya yi wata da watanni yana ɓoye musu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yatsun nan sun mutu. Ko maɓalli ba na iya sawa. Matata ce ta auna, ita ta zaɓi darma, ita ta yanka tsumma. Ni ɗagawa kawai na yi na ja."

Haushi ya turnuƙe ni, ga tausayi, ga wani abu kuma da ban san sunansa ba. Na ce a raina, kai dai wannan mutum ba ka da dabara ko ta sisin kwabo.

Mai gemu ya ce doka doka ce. Wasu suka goyi bayansa. Ticha ya ce in aka cire Sufeto shi da wa zai yi musu, a haɗa da shi a cire. Hayaniya ta tashi, sai tsohon ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Mun taso mun ji ana cewa hannun mace yana sanyaya bindiga. Ni dai ban taɓa gani ba, don ba mu taɓa bari ya taɓa ba. Yau ga shi an ce ya taɓa, amma a ɓoye, ba mu shaida ba. A kira ta." Ya ce zan haɗa ɗuri ɗaya a gabansu, da albarushinsa shi Sarkin Baka da darmarsa da tsummansa. In ya shiga baƙi, Sufeto yana nan a layi. In ya kauce, ya ɗauki bindigarsa ya tafi gida, kada ya dawo. Rago kuwa ko ta yaya na Ticha ne, saboda an ɓoye wa jama'a.

Na taso. Na taka daga tsamiyar nan zuwa buzun tsohon. Na durƙusa na gaishe shi da Fulatanci, ya amsa yana murmushi a cikin gemu. Aka shimfiɗa mini buhu. Sufeto ya zaro ɗan ma'auninsa ya ajiye a gabana. Babu sikeli, babu farantin tangaran. Na aika aka ɗauko murfin kular kunu, na goge da gefen zane, na kife shi na dinga sakin ƙwallayen a kai. Sai ga hannuna yana rawa. Ni! Ni da nake zuba turare mai tsada a kwalba mai bakin allura ko ɗigo bai zuba ba. Na cika ma'aunin ya zube. Na sake ya zube.

Sai na ji mai gemun nan a bayana yana cewa, "Ai ga shi nan, tun ba a harba ba ta sanyaya."

Allah ya saka masa da alheri, don shi ya cece mu. Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci hannuna tsayawa yake. Na juyo na ce, "Malam, naka ɗurin da namiji ya haɗa, ina ce suri ya samu? Matsa mini ka tare haske." Fili ya fashe da dariya, har tsohon sai da ya sunkuyar da kai. Na cika ma'aunin, na share bakinsa sau ɗaya. Na zaɓi ƙwallon da ta fi gangara santal, na murza ta a yatsuna na ji ba kunne. Tsumman tsohon yagagge ne, na daidaita shi da haƙori. Na miƙa wa Sufeto da hannu biyu, a gaban kowa.

Ya karɓa, ya ce a hankali, "Tagwaye ne?"

Na ce, "Ita kaɗai ce, ba ta da 'yar uwa. Ka yi a hankali."

Ya ɗura. Ya ɗaga. Ban kalli allo ba, bayansa na kalla, inda rigar ta jiƙe da gumi ta manne. Ya daɗe fiye da kullum, har na ji wani yana cewa ya fasa ne. Sannan ta tashi.

Mai duba allo bai ma ƙarasa ba Ticha ya wuce shi da gudu, tsoho da shi, hula a hannu. Ya tsuguna, ya sa yatsa a ramin, ya juyo yana ihu, "Tana ciki! Wallahi tana ciki!" Ba a tsakiya ba, ta ɗan yi ƙasa, amma tsakaninta da farin katako akwai faɗin yatsa biyu. Mai ganga ya saki kiɗa. Matan gindin tsamiya suka taso gaba ɗaya da guɗa, suka keta layin da ba a taɓa bari su taka ba, ba wanda ya tuna ya hana su. Wata ta ɗaga hannuna sama kamar na ci dambe. Kunun da na bari, ban san wanda ya rabar ba, kular dai na same ta wayam.

Sarkin Baka ya jira aka lafa. Ya ce Sufeto yana nan a layi, kuma duk maharbin da ciwo ko tsufa ya ci hannunsa, ya zo ya faɗa a fili, a san wanda yake haɗa masa. Sauran dokar kuma ya ce za su zauna a kai. Na lura da wasu tsofaffi biyu da suka kalli ƙasa a lokacin, na gane ba mijina kaɗai ke da mai haɗa masa a ɓoye ba. Aka jawo rago aka damƙa wa Ticha, ya riƙe igiyar yana ta ɓata rai, wai an ba shi ragon da bai ci ba, kuma badi sai ya kawo tasa matar.

La'asar ta yi sanyi muka sami Keke. An naɗe bindigar a buhu an ɗaure a gefe, kula a ƙafafuna. Muka baro Bako, muka hau titi. Ina ta shirya faɗan da zan yi masa a kan hanyar da ya gani a buɗe ya ƙi bi. Na ma buɗe baki, sai na ji abu yana lalube a ƙarƙashin mayafina. Hannunsa ne. Ya bi gefen zane, ya bi jaka, ya kama igiyar kular ya riƙe gam, fuskarsa tana kallon titi, shi a dole ba abin da yake yi.

Na ce, "Sufeto, wannan igiyar kula ce."

Ya ce, "To ina naki?"

Na zare igiyar, na sa hannuna a ciki, na matse sosai yadda ko gaɓar tsakiya za ta ji. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Haka muka shiga gari, mai Keke yana ta tambaya ta wace kwana zai bi, mu ko a jikinmu.